An Sa Sabon Bel, Mota Ta Ƙi Tashi: Daga Ina Za a Fara?

Yawancin motocin da ke jigilar mutane da kaya tsakanin Yelwa, Koko, Kontagora da Wara sun kwana biyu a duniya. Golf 3, wadda direbobin haya suka fi amincewa da ita, an fara ƙera ta a Jamus a 1991, aka kuma daina tun kafin shekarar 2000. Ga Sharan, ga Hiace, ga tsofaffin Accord da Camry da Peugeot 406. Su ne ke kwaso albasa da shinkafa daga ƙauyukan Shanga, su ɗauko banda daga bakin tafkin Kainji, su kai mara lafiya asibiti cikin dare. Da yawa daga cikinsu rayuwar injinsu a rataye take a jikin ɗamarar roba guda mai haƙora, wato bel ɗin tayimin.

Cikin rigingimun da ke tashi tsakanin direba da bakanike, babu mai ɗaci kamar ta wannan bel. Mota ta shigo gareji da ƙafarta, an cire tsohon bel an sa sabo, an murɗa makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Direba ya ce an kashe masa mota, bakanike ya ce dama can da ciwonta. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, wannan matsala tana da iyakantattun dalilai, kuma ana gano su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sayi ko kusa ba. Ɓarnar da ta fi yawa ba kuskuren farko ke jawo ta ba. Abin da ake yi bayan motar ta ƙi tashi ne ke jawo ta.

Aikin da bel yake yi

Injin mota zagaye huɗu yake yi, tsarin da Nikolaus Otto ya fito da shi a Jamus a 1876. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta banko shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf, a ƙasan inji, shi fistin ke juyawa. Kamshaf, a sama, shi ke buɗe bawul yana rufewa. Ƙa'idar ita ce duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf ya yi juyi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Bel ɗin tayimin ne ke riƙe da wannan alkawari. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa ɗaya.

Dattawan kanikawa da suka taso da Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975, sarƙar ƙarfe suka sani a wannan wuri. Bel na roba ya fara shiga motocin kasuwa ne a 1962, a wata ƙaramar motar Jamus mai suna Glas, ya bazu saboda ba shi da ƙara kuma ya fi sauƙin ƙerawa. Daga baya kamfanoni da dama sun koma sarƙa: Corolla ta 2003 da Camry mai silinda huɗu daga 2002 duk sarƙa ce. Saboda haka ba kowace mota wannan bayani ya shafa ba.

A cikin masu bel ɗin ma, injuna iri biyu ne. Akwai wanda fistin da bawul kowa da wurinsa, ko bel ya tsinke ba sa haɗuwa. Camry mai inji 2.2 ta wannan sahu ce. Akwai kuma wanda wuri ɗaya suke amfani da shi, sai dai kowa da lokacinsa, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: muddin kowace tana kan ƙidarta daka na tafiya, da ɗaya ta saɓa sai taɓare su gwabza. Honda Accord, Peugeot 406 da injunan dizal duk haka suke. A irin waɗannan, in tayimin ya kauce da yawa, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi. Bakaniken da bai san wane iri ne a gabansa ba, bai kamata ya kwance ko noti ɗaya ba.

Tambayar farko

Kafin a ɗauki sifana, a tambaya: me ya sa aka canja bel ɗin?

In motar tana tafiya ne bel ya tsinke ko haƙoransa suka zube, a ce a kan hanyar Bin Yauri zuwa Wara, aka jawo ta da igiya, to a inji mai gwabzawa akwai yiwuwar bawul sun riga sun lanƙwashe tun a can. Sabon bel ba ya miƙe bawul. Bakanike mai amana zai faɗa wa mai mota wannan tun kafin a kashe kuɗi: "Alhaji, za mu sa bel mu gwada, amma ka shirya, wataƙila sai mun sauke tof." Wannan magana guda tana kashe rabin rigimar da za a yi daga baya.

In kuwa da kanta ta shigo, lafiya lau, aka canja bel don rigakafi, to babu dalilin zargin famfon mai ko birenbos. Abin da yake aiki da safe ba ya mutuwa da azahar don kawai an buɗe gaban inji. Matsalar tana inda hannu ya taɓa, can za a koma.

A cire hannu daga makulli

Ga yadda abin yakan kasance. An murɗa sau ɗaya, shiru. An sake, an sake, har batir ya fara ja da baya. Sai a aro na wata motar. Da shi ma ya gaji, sai a ji direba ya ce, "Oga, a tura ta mana, ai da an saki kuloci za ta kama." Yaran gareji su taru a baya, a sa giya ta biyu, a saki kuloci da ƙarfi.

Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi wa inji mai gwabzawa. Nauyin mota gaba ɗaya ake ɗora wa fistin ya doki duk abin da ya tare masa hanya, kuma fizgar kan sa bel ɗin da bai ɗauru sosai ba ya ƙara tsallake haƙora. Aikin da zai ƙare da sake ɗaura bel sai ya koma sauke tof silinda, sayen bawul da gasket, da zaman jiran kaya daga Kontagora ko Ƙofar Ruwa a Kano. Yawan murɗa makulli ma yana da tasa illar: fetur yana taruwa ya jiƙa fulogi, ya wanke bakin man da ke jikin silinda, har matsi ya ragu. Daga nan ko an gyara tayimin ɗin motar na iya ci gaba da ƙi, a shiga neman ciwon da babu shi.

In an murɗa sau biyu ba ta tashi ba, a tsaya.

Abin da kunne ke faɗa

Wannan murɗawa biyun ta isa mai lura ya san inda zai nufa, domin kowane ciwo da irin kukansa.

In inji bai juya ba sam, sai ɗan ƙas, ko ya juya kaɗan ya cije, a duba kan batir da wayar da ke haɗa inji da bodi, don sau da yawa ana kwance ta lokacin cire kujerar inji a manta. In waɗannan lafiya, kada a sake gwada sitata. Mai yiwuwa ƙarfe ne ya tokare ƙarfe.

In ya juya da sauri fiye da yadda aka saba, sumul ba tare da wannan ɗan nishin da yake yi a kowane matsi ba, to matsi ne babu. Ko tayimin ya kauce nesa, ko bawul sun lanƙwashe, ko kuma kamshaf ba ya juyawa ma sam. Ana ganin na ƙarshen ta buɗe murfin bel na sama, ko a wasu injuna ta leƙa ramin zuba bakin mai.

In yana juyawa daidai yadda ya saba amma ko tari bai yi ba, a fi zargin wuta: sensa, soket ko fis.

In kuma yana tari, yana harbi ta salansa ko ta wajen shaƙar iska, kamar zai tashi ya fasa, to wuta da mai suna zuwa, amma ba a kan lokaci ba.

Komawa kan maki

Yawancin injuna kamfani ya yi musu alamomi, wato maki: ɗaya a fulin karanshaf ko a jikin filawil, ɗaya a fulin kowane kamshaf. Ana cire fulogi don inji ya yi sauƙin juyawa, a sa sifana a babban notin karanshaf, a juya da hannu a hankali har fistin na silinda ta ɗaya ya kai ƙarshen hawansa, sannan a duba ko kowace alama ta zauna a gurbinta. Yawancin injuna hannun agogo suke bi, amma tsofaffin injunan Honda, har da na Accord mai silinda huɗu kafin 2003, akasin haka suke juyawa. In sifana ta cije, ba a dannawa.

Kada a raina haƙori ɗaya. In fulin kamshaf yana da haƙora 40, kowane haƙori digiri 9 ne, wato digiri 18 a juyin karanshaf. Da kuskuren haƙori ɗaya mota takan tashi amma ba ƙarfi, tana shan mai tana zafi. Da biyu ko uku takan ƙi tashi. Abin da ya wuce haka, a inji mai gwabzawa, ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe.

Hanyoyin da ake kaucewa sanannu ne. Na farko, barin sako-sako a gefen da bai dace ba. Dole ɓangaren bel da karanshaf ke ja ya miƙe tsaf, duk ragowar ta taru a gefen tenshona. In aka yi akasin haka, alamomi za su nuna daidai, amma da an saki tenshona sai kamshaf ya zame da haƙori guda. Na biyu, dogaro da fenti ko ƙarcen ƙusa da wani bakanike ya yi a baya. Motar da ta ratsa hannu goma tana iya zuwa da alamomi kala uku, ba a san na wa za a bi ba. Na uku, fulin waje na karanshaf a motoci da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani; in robar ta tsufa, zoben waje yakan zame ya tafi da alamar. Maganin wannan shakka shi ne a zura doguwar sukundireba a ramin fulogi na ɗaya, a juya a hankali, a ga da ido inda fistin ya tsaya. Na huɗu, ɗan ƙarfen da ke kulle fulin haƙora a jikin karanshaf yana iya karyewa ko ya faɗi, musamman in ba a ɗaure babban notin yadda ya kamata ba.

Peugeot 406 ba a saita ta da ido. Ramuka aka yi mata da ake zura fil a kulle kamshaf da karanshaf kafin a ɗora bel. Hiace da Hilux masu injin dizal 3L da 5L kuwa alama uku ce, domin bel ɗin ne ke juya famfon injekta. Wanda ya daidaita biyu ya bar ta ukun, dizal zai riƙa zuwa a lokacin da babu mai karɓarsa.

Golf 3 tana da nata tarkon, kuma da yake ita ta fi yawa a tashoshinmu, ya kamata a tsaya a kanta. A wasu injunanta masu bawul 8, bel ɗin yana ratsa wani fuli na uku a tsakiya, wanda ke juya distiributa da famfon bakin mai. Da an cire bel, wannan fuli yana juyawa da ɗan taɓi kaɗan, ba a ma lura ba. Sai a saita sama da ƙasa daidai, a rufe, mota ta ƙi tashi, alhali matsi lafiya, mai lafiya, wuta ma tana nan. Abin dubawa shi ne a buɗe hular distiributa: lokacin da alamar filawil ta bayyana a ramin da ke saman giyabos, alamar kamshaf ma tana gurbinta, dole bakin rota ya kalli ɗan tsagin da ke gefen distiributa. In ya kalli wani wuri, an gano ciwon, kuma gyaransa bai kai awa ɗaya ba. A nan ne kuma ake duba jerin wayoyin fulogi, wanda a wannan inji 1-3-4-2 ne.

Akwai kuma bel ɗin kansa. Kafin a ɗora sabo, a shimfiɗa shi kusa da tsohon, a ƙirga haƙora, a dubi faɗi da siffar haƙorin, don akwai mai zagaye akwai mai kusurwa. Kwali yana iya ɗauke da sunan motar, abin da ke ciki ya zama na wata.

Duk waɗannan kurakurai abu ɗaya ke tona su tun kafin su yi ɓarna: bayan an ɗaura bel an saki tenshona, a juya inji da hannu cikakken juyi biyu, a sake duba alamomin fuli. Layukan da aka zana a jikin wasu bel na asali ba sa komawa gurbinsu bayan juyi biyu, saboda haka alamar ƙarfe ake kallo. Aikin minti biyar ne. Duk yaron da ya taɓa saita sarƙar tayimin ta babur ɗin Boxer a kan alamar T ya riga ya san tushen abin.

In maki daidai ne

Sai a juya ga abin da aka cire ko aka ture don a kai ga bel. A motocin da birenbos ke sarrafawa, sensar karanshaf ce ke gaya masa inji yana juyawa. In bai ji daga gare ta ba, ba zai saki wuta ba, ba zai buɗe nozul ba. A Accord da Camry na ƙarshen shekarun 1990, wannan sensa tana nan a gindin fulin, cikin wurin da ake aikin. Ana iya manta soket ɗinta, ana iya matse wayarta da murfi, bel yana iya gurje ta. A Camry ɗin, haƙoran da sensar ke karantawa a bayan fulin haƙora suke. In aka sa ƙarfe aka ɓamɓaro fulin da ƙarfi, haƙori ɗaya ya karye, lissafin birenbos ya rikice.

Gwajin ba shi da wuya. A ciro fulogi ɗaya, a jingina shi da jikin inji, a ga ko yana tartsatsi. A buɗe makulli a saurari kukan famfon mai na 'yan daƙiƙu. A dubi bakin fulogi: in a jiƙe yake da fetur, mai yana zuwa, a busar da shi. A duba fis, a duba ko fitilar makullin tsaro tana ƙiftawa a dashbod. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin na'urar bincike iri ɗaya. Lambar P0335 tana nuni ga layin sensar karanshaf, P0340 ga ta kamshaf, P0016 kuma tana cewa su biyun ba su jitu ba, wato a koma kan maki.

Na ƙarshe shi ne awon matsi. Ana ɗaura geji a ramin fulogi, a taka totur har ƙasa, a juya inji. Lafiyayyen injin fetur ba ya rasa nuna abin da ya haura psi 130, kuma silindu ba sa nisa da juna. In duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, tayimin ake zargi ko wankewar fetur. In ɗaya ko biyu sun faɗi warwas, a ɗiga ɗan bakin mai a sake aunawa: in awon ya tashi, zoben fistin ne, in bai motsa ba, bawul ne. Sai a wannan gaɓa ce sauke tof ya zama hujja. Sauke shi kafin nan caca ce da kuɗin mutane.

Abin da ya sa namu ya fi tsanani

Kamfanoni suna sa wa'adin canja bel tsakanin kilomita 60,000 da 150,000 gwargwadon inji, ko bayan wasu shekaru ko da ba a cika tafiyar ba. Toyota ma ta sa wa Hilux da Hiace na dizal fitila mai rubutun T-BELT don tuni. Amma motar da ta zo gwanjo ba ta zuwa da tarihinta, kuma agogon kilomita na da yawa daga motocin haya ya daɗe da tsayawa. Ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a wannan yanki, ga ƙurar hunturu, ga laka da ruwan da ake kutsawa a hanyoyin ƙauyukan bakin ruwa da damina, ga lodin da ya wuce kima. Sau da yawa za ka buɗe bonet ka ga bel tsirara, an jefar da murfinsa wai don a riƙa ganinsa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta sa shi tsallake, bakin man da ke yoyo daga sil kuma yana cinye roba.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi, direba yana neman inda zai rage. Sai ya sayi bel kaɗai, ya bar tsohuwar tenshona da fulin da ƙwallayensa suka fara kuka. A injunan da bel ke juya famfon ruwa, shi ma a bar shi. Watanni kaɗan ɗayansu ya cije, ya tafi da sabon bel. Araha ba ta ado. In za a buɗe wurin, a canja su tare, kuɗin aiki ɗaya ne.

Wa zai ɗauki asara?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan lamunin masu sana'a, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta kawo hukuncin: mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, amanarsu tana wuyansa. Bakaniken da ya karɓi mota tana tafiya, ya kuskure tayimin, ya sa aka tura ta har bawul suka lanƙwashe, bai dace ya ɗora wa ƙaddara ba. Haka kuma direban da ya yi ta jan mota da bel ɗin da ya tsattsage har ya tsinke a hanya, ko ya kawo jabun kaya da hannunsa ya ce a sa, ba shi da bakin cewa an cuce shi. Abin da ke raba gardama shi ne a yi magana a fili kafin aiki, a kuma ajiye tsohon bel da tenshona har mota ta tashi.

Gejin matsi da ƙaramar na'urar bincike ba su kai kuɗin sauke tof sau ɗaya ba. In bakanike ɗaya ba zai iya saye ba, garejin da ke layi ɗaya a Yelwa ko Wara za su iya haɗa hannu, kuma wannan aiki ne da ya dace da ƙungiyar kanikawa ta NATA. Wayar hannu da ke aljihun kowane yaron gareji tana iya ɗaukar hoton alamomi da soket kafin a kwance komai. Mai mota kuma ya sa a rubuta masa ranar da aka canja bel a cikin bonet da fenti, don na gaba ya sani.

Kanikawan wannan yanki suna raya motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka daɗe da yar da su, kuma da kayan aiki ƙalilan suke yi. Basira ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Abin da ake bukata shi ne kowane maigidan gareji ya mayar da abu uku doka ga yaransa: a san irin injin kafin a kwance, a juya shi da hannu sau biyu kafin a taɓa makulli, in kuma ya ƙi tashi a koma kan maki kafin a kira masu turi. Direba ma yana da haƙƙin ya tsaya a kai ya ce, "Oga, a juya da hannu tukuna." Motarsa ce, kuma abincin gidansa a cikinta yake.